Uwar Agogo Da Yadda A Ke Kiwonta

Duk wanda ya yi zaman makarantar kwana ya san darajar mai buga ƙararrawa. Shi ke ta da mu da asuba, shi ke shigar da mu aji, shi ke kiranmu wurin abinci. In agogonsa ya yi latti da minti biyar, to, makaranta duka ta yi latti ke nan da minti biyar, tun daga shugaban makaranta har kuku. Don haka ne a zamanin da, mai ƙararrawa na kirki ya kan je gindin rediyo ya jira 'yar ƙarar nan guda shida da BBC ke yi a kan awa, ya daidaita agogonsa da ta ƙarshe. Tun shekarar 1924 a ke yin wannan ƙara a Ingila.

To, kwamfutocin da ke ofisoshinmu da ɗakin karatu su ma suna da nasu mai ƙararrawa. Kwamfuta guda a ke ware wa wannan aiki. Ita ce ke tambayo lokaci daga waje ta intanet, sa'an nan sauran duka su riƙa tambayarta. Bari mu kira ta uwar agogo. Galibi ba ta da hotuna, ba a kuwa sarrafa ta da linzami. Sai dai baƙin allo, watau allon umarni, inda mutum zai rubuta mata gajeriyar magana ta ba shi amsa da lambobi. Abin da na ke so in bayyana wa 'yan'uwa a nan shi ne yadda a ke karanta lambobin nan, da yadda mutum zai gane ko lafiya lau ta ke, da abin da zai yi in ta ɓata. Da yawa daga cikinmu in mun gama za a tura mu makarantun da babu injiniya, malamin lissafi ko na kimiyya shi za a danƙa wa mabuɗin ɗakin kwamfuta.

Abin da minti bakwai ya jawo

A wata makaranta da na taɓa koyarwa an yi jarrabawa da kwamfuta, aka ce da ƙarfe goma sha biyu za a rufe, mai tsaron jarrabawa kuma ya nuna wa yara agogon bango. Wata ɗaliba ta gama, ta ɗaga kai ta ga saura minti biyar, ta latsa don ta miƙa amsoshinta. Kwamfuta ta ƙi karɓa, ta ce lokaci ya wuce da minti biyu. Yarinya ta yi ta rantsuwa tana kuka, waɗansu malamai suka ce ƙarya ta ke yi, ai na'ura ba ta kuskure. Sai da aka kwana biyu kana aka duba allon umarni, aka tarar ashe wata takwas ke nan rabon uwar agogon da jin amsa daga waje, domin wani ya toshe mata hanya sa'ad da ya ke gyaran katangar tsaro. Kullum tana yin gaba da kusan sakan biyu, har ta tara minti bakwai, sauran kwamfutocin kuwa suna biye da ita. An dai karɓi amsoshin yarinyar daga baya, amma da wani ya rubuta umarni ɗaya tak sau ɗaya a mako, da ba ta sha wannan wulakanci ba.

Ba jarrabawa kaɗai abin ya shafa ba. Tsarin tantance masu shiga da a ke kira Kerberos, wanda ofisoshi masu kwamfutocin Windows ke amfani da shi, bisa al'ada ya kan ƙi mutum in agogonsa ya saɓa da fiye da minti biyar. Lambar sirrin nan mai sauyawa da wayar hannu ke nunawa, galibi sakan 30 ta ke yi ta mutu. Takardun shaida na shafukan intanet suna da ranar farawa da ranar ƙarewa, in kwanan watan kwamfuta ya ɓata sai ta ƙi buɗe shafi mai lafiya. Ban da wannan kuma, in wani ya yi ɓarna aka zo bincike a littafin ajiyar kwamfutoci, muddin agogunansu sun saɓa ba za a san abin da ya riga wani faruwa ba.

Dalilin da agogo ke kaucewa

A cikin ko wace kwamfuta akwai ɗan ƙaramin dutse mai sheƙi da a ke kira kwaz, wanda ke kaɗawa in an sa masa lantarki. Irin na agogon hannu sau 32,768 ya ke kaɗawa a sakan. Amma babu dutse biyu da aka yanka daidai wa daida, zafi da sanyi kuma suna sauya saurinsa. Da kashi cikin miliyan a ke auna wannan kuskure. Dutsen da ya yi kuskuren kashi 10 cikin miliyan zai ɓata kusan sakan ɗaya a yini, watau fiye da minti biyar a shekara. A ƙasarmu inda ɗaki ke yin sanyi in akwai wuta, ya koma kamar tanderu in an ɗauke, saurin dutsen ya kan sauya ko a cikin yini guda. Akwai kuma wani ɗan batir mai kama da kwabo da ke riƙe lokaci in an kashe kwamfuta. Ran da ya mutu, sai ta farka da kwanan watan shekarun baya.

Inda lokaci na gaskiya ke fitowa

A 1955 wani masani a Ingila mai suna Louis Essen, tare da abokin aikinsa Jack Parry, suka ƙera agogo mai inganci na farko da ke aiki da ƙwayar zarra ta wani ƙarfe mai suna siziyam. A 1967 ƙasashe suka yarda cewa sakan ɗaya shi ne tsawon lokacin da a ke ƙirga kaɗawa 9,192,631,770 a irin wannan agogo. Ofishin awo na duniya da ke kusa da Faris a Faransa shi ke tattara awon ɗaruruwan agogunan nan daga ƙasashe, ya fitar da lokacin duniya da a ke kira UTC. Lokacinmu na Nijeriya, da na Nijar, yana gaban UTC da awa ɗaya. Na Gana kuwa daidai ya ke da shi. Taurarin ɗan Adam na GPS suna ɗauke da agogunan zarra, saboda haka wanda ya kafa na'urar kama su a kan rufi ya sami lokaci mai kyau ƙwarai.

Hanyar raba wannan lokaci ga kwamfutoci sunanta NTP. Wani malamin jami'ar Delaware a Amurka, David Mills, shi ya tsara ta. An rubuta ƙa'idarta ta fari a 1985, ta huɗu kuma a 2010. Ya rasu a 2024, ga aikinsa nan ana ta mora. Ya jera agoguna hawa-hawa, kamar yadda a ke tambayar mai ba da labari daga bakin wa ya ji. Agogon zarra, ko na'urar GPS, shi ne mataki na 0. Kwamfutar da aka haɗa da shi kai tsaye tana mataki na 1, wadda ta ji daga gare ta tana na 2, haka har zuwa 15. In ka ga 16, kwamfutar tana gaya maka ne ita ma ba ta san lokaci ba.

Yaya a ke tambayar lokaci daga nesa, alhali amsa tana ɓata lokaci a hanya? Alal misali, ka aiki yaro da keke ya dubo maka agogon gidan waya. Ya tashi da ƙarfe 10:00 a agogonka. Da ya isa ya ga 10:15, ya huta minti biyu, ya baro can da 10:17. Ya komo agogonka na nuna 10:22. Ya yi minti 22 ke nan, a debe biyu na hutu, saura 20 na tafiya, goma zuwa goma komowa. Ashe sa'ad da ya isa, naka na nuna 10:10, nasu na nuna 10:15. Agogonka ya yi latti da minti biyar. Wannan lissafi ne kwamfuta ke yi, sai dai da milisakan, watau kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Amma a lura, mun ɗauka zuwa da komowa daidai su ke. In zuwan hawa ne ya ci minti 14, komowa gangara ta ci 6, to, lissafinmu ya ɓata da minti huɗu. Kuskuren dai ba ya wuce rabin tafiyar duka, don haka agogo na kusa ya fi na nesa amana.

Zama gaban baƙin allo

Galibin uwayen agogo da Linux su ke aiki, ɗaya kuma daga manhajoji biyu ke riƙe lokacin: ko tsohuwar nan ntpd ta gidan Mills, ko wadda ta biyo baya mai suna chrony. Kada a bar su biyu suna aiki tare, sarki biyu ba su zama gari ɗaya. Da ka zauna, fara da wannan:

timedatectl

Zai nuna maka lokacin gida, da UTC, da yankin da aka sa kwamfutar. Namu Africa/Lagos ne. In ka ga kuskuren awa ɗaya cif, kada ka zargi NTP, domin ita UTC kaɗai ta sani. Yankin ne aka sa ba daidai ba. Akwai kuma layin da ke cewa ko an daidaita agogon ko ba a daidaita ba. Sa'an nan ka tabbata manhajar tana raye da systemctl status chronyd, ko sunan da ta ke ɗauke da shi a irin Linux ɗinka.

In ntpd ce, umarnin da ya fi ko wanne amfani shi ne ntpq -pn. Ga misalin irin amsar da ya ke bayarwa:

     remote          refid       st t when poll reach  delay  offset jitter
    *192.0.2.10      .GPS.        1 u   41   64   377   38.2    -0.9    1.4
    +198.51.100.7    192.0.2.55   2 u   12   64   377   95.6     1.7    2.2
    +203.0.113.4     192.0.2.81   2 u   58   64   376  142.0     2.4    3.1
    x203.0.113.90    192.0.2.99   2 u   30   64   377   60.3   812.5    0.8

Ko wane layi agogo ɗaya ne na waje da uwarmu ke tambaya. Mu ɗauke su tamkar shaidu a gaban alƙali. Fara duban alamar da ke farkon layi. Tauraro shi ne shaidar da aka zaɓa a ke bi. Alamar tarawa, amintattu ne da a ke haɗa maganarsu da tasa. Alamar debewa, an ji ta bakinsa amma an ajiye shi gefe. Wanda aka sa wa x kuwa mai shaidar zur ne, maganarsa ta saɓa da ta jama'a. Dubi na huɗu a misalinmu, ya ce mun yi latti da milisakan 812, alhali uku sun ce kuskurenmu bai kai milisakan uku ba. In ka duba ba ka ga tauraro ko ɗaya ba, to, uwar agogonka ba ta bin kowa.

A ƙarƙashin refid a ke rubuta daga wa shi wannan shaida ya ji, st kuma matakinsa ne. In ka ga .INIT. da mataki 16, ba a taɓa samun amsa mai amfani daga gare shi ba. Lambar when sakan nawa ke nan da aka ji daga gare shi, poll kuwa tazarar da ke tsakanin tambaya da tambaya. Da sakan 64 a ke farawa, in al'amura sun natsu manhajar da kanta ta kan ja shi har 1024, watau kimanin minti 17. Uku na ƙarshe duk da milisakan su ke: delay tsawon tafiyar yaron ne zuwa da komowa, offset bambancin agogonmu da nasu, jitter kuma yadda amsoshin ke tangaɗi, wannan ta ce kaza waccan ta ce kaza. Ta intanet ba abin mamaki ba ne a ga bambancin milisakan goma ko ashirin. A cikin gida kuwa, tsakanin uwa da 'ya'yanta, a kan sauko ƙasa da milisakan ɗaya.

Lambar reach ita ce ta kan ruɗa sabon shiga, ita ce kuwa ta fi faɗin gaskiya. Manhajar tana riƙe da labarin tambayoyi takwas na ƙarshe, in an amsa ta rubuta 1, in ba a amsa ba ta rubuta 0, kana ta nuna jimlar da ƙirgen tushe takwas, wanda malaman lissafi suka koya mana. Takwas ɗin duka in an amsa, 377 za ka gani. Da an kunna ta sai ka ga tana hawa: 1, 3, 7, 17, 37, 77, 177, 377. In tambayar ƙarshe ta ɓace, sai ta zama 376. In na bayanta suka dawo lafiya, sifirin nan zai yi ta matsawa, ka ga 375, 373, 367, 357, 337, 277, 177, sa'an nan 377 kuma. Saboda haka 357 ba abin tsoro ba ne, tambaya ɗaya ce ta ɓace ɗazu. Amma in ka ga 376, 374, 370, 360, hanya ce ke mutuwa. In ka ga 0, an yanke. A makarantar nan da na ba da labari, sifiri ne reras a layukan duka.

In chrony ce, umarnin da ya yi daidai da wannan shi ne chronyc sources -v, har ma ya kan buga ma'anar alamomin a sama. Amma a yi hattara da abu biyu. Na fari, a nan poll ba sakan ba ne: 6 na nufin 64, 10 na nufin 1024, watau biyu a ninka sau shida ko sau goma. Na biyu, a ntpq lamba mai tarawa na nufin agogonmu yana baya, a chronyc kuwa yana gaba. Alamar tambaya a farkon layi ita ke nuna agogon da ba a iya amfani da shi ba. Sai kuma chronyc tracking, wanda ke ba da labarin uwar kanta: wa ta ke bi, matakinta, da yawan abin da ta yi gaba ko baya. Layin Frequency shi ke gaya maka halin ɗan dutsen nan na kwaz, kashi nawa cikin miliyan ya ke sauri ko nawa. In kana so ka san iyakar kuskuren da za ta iya yi, ɗauki lambar System time, ka ƙara Root dispersion, ka ƙara rabin Root delay. Layin ƙarshe, Leap status, in ya ce Normal lafiya, in ya ce Not synchronised sai a tashi tsaye.

Gyara

In ka ga reach sifiri, bi abin daki-daki. Shin akwai intanet? Shin kwamfutar na iya juya sunan agogo ya zama lambar adireshi? Shin katangar tsaro ta bar ƙofa mai lamba 123 ta UDP a buɗe, domin ta nan NTP ke fita ta shigo? Ka kuma karanta abin da manhajar ta rubuta da kanta da journalctl -u chronyd, sau da yawa ta riga ta faɗi ciwonta.

In hanya ta buɗe, agogo kuwa ya riga ya kauce, gyara iri biyu ne. Ko a ɗaga lokacin a dire shi inda ya kamata gaba ɗaya, ko kuwa a rage wa agogon sauri, ko a ƙara masa, har ya daidaita a hankali. Ntpd ta kan bi a hankali in kuskuren bai kai milisakan 128 ba, in ya wuce haka ya kuma dore sai ta yi tsalle. A hankalin nan nata rabin milisakan ne a ko wane sakan, saboda haka gyaran sakan ɗaya na cin sakan 2,000, fiye da rabin awa. In kuwa kuskuren ya wuce sakan 1,000, sai ta tsaya cik ta bar aiki, don tana ganin abin ya fi ƙarfin ta yanke hukunci ita kaɗai. Da ntpd -g a ke ba ta izinin tsallake wannan sau ɗaya a farkon tashi. A chrony, layin makestep 1.0 3 a takardar saiti na nufin ta yi tsalle in kuskure ya wuce sakan ɗaya, amma a gyara uku na farko kaɗai bayan an kunna ta. Mai kula kuma yana iya tilasta ta da chronyc makestep.

Ina gargaɗin 'yan'uwa game da wannan umarni na ƙarshe. In agogo gaba ya yi, tsalle baya zai mai da shi, minti ɗaya ya zo sau biyu. Rajistar kuɗi za ta nuna an ba da rasit kafin a biya, aikin da aka tsara a yi da ƙarfe kaza yana iya maimaituwa. Kada ka yi shi ana tsakiyar jarrabawa ko ana biyan albashi. Jira a tashi, ka sanar da masu ofis, ka rubuta lokacin da ka yi da yawan abin da ka gyara. Sannu ba ta hana zuwa.

Takardar saitin chrony tana /etc/chrony.conf, ko /etc/chrony/chrony.conf. Abin da ka sauya ta chronyc, kamar ƙara agogo da add server, da an sake kunna manhajar ya ɓace. Abin da ka ke so ya zauna sai a takardar. Shaidu nawa za a sa? Ɗaya, in ya yi ƙarya ba mai ƙaryata shi. Biyu, in sun saɓa ba a san mai gaskiya ba. Uku, biyu sa rinjayi ɗaya, amma in guda ya mutu an koma biyu. Don haka ƙa'idar da aka fitar a 2019 ta ba da shawarar huɗu ko fiye. Hanya mai sauƙi ita ce layin pool pool.ntp.org iburst. Wannan wata tarayya ce ta masu sa kai da aka fara a 2003, kowa ya ba da uwar agogonsa kyauta, chrony kuma za ta ɗebo huɗu daga ciki.

Akwai wani layi, local stratum 10, mai amfani da haɗari. Yana ba uwa izinin ci gaba da ba da lokaci ko an yanke ta daga waje, don kwamfutocin gida su zauna baki ɗaya. Inda intanet ke yawan yankewa abu ne mai kyau. Amma shi ne kuma ke sa ta yi wata takwas tana ɓata ba wanda ya ji ƙorafi. Wanda ya sa shi, tilas ya riƙa dubawa. A kwamfutocin ɗalibai, in ka ga uwar tana mataki 10 maimakon 2 ko 3, ka san da agogon cikinta ta ke magana.

Kula da 'ya'ya da tsaron ƙofa

Chrony ba ta amsa wa kowa sai an ba ta izini da layi kamar allow 192.168.10.0/24, wanda ke buɗe wa kwamfutocin makaranta kaɗai. Umarnin chronyc clients, wanda sai mai cikakken iko ke iya bayarwa, zai jera maka duk masu tambayarta da yawan tambayoyinsu. A ntpd, ntpq -c mrulist ke yin haka. In kwamfutar ofishin jarrabawa ba ta cikin jerin, je ka duba ta. In Windows ce, w32tm /query /status zai gaya maka wa ta ke bi, w32tm /resync kuma ya sa ta sake tambaya.

Tsaron ƙofar nan ba wasa ba ne. Tsohuwar ntpd tana da wani umarni, monlist, wanda in an aiko mata 'yar tambaya ta kan amsa da jerin kwamfutoci har 600. Mugaye suka riƙa aika tambayar da adireshin wanda su ke so su cuta, dubban uwayen agogo su yi ta kwarara masa amsa har hanyarsa ta toshe. A Fabrairun 2014 an yi irin wannan hari da ya kai kusan gigabit 400 a sakan. An cire umarnin daga sababbin fitowa, amma wanda ya gaji tsohuwar na'ura ya sabunta ta, ya kuma sa noquery a layin restrict don kada baƙo ya yi mata tambayoyin cikin gida. A 2020 an fitar da wani ƙarin tsaro mai suna NTS, da ke tabbatar da cewa amsa daga agogon da aka tambaya ta fito, chrony kuma ta iya shi tun fitowarta ta 4.0.

Mu ma kuma mu yi ladabi ga masu ba mu kyauta. A 2003 jami'ar Wiskonsin a Amurka ta ga ambaliyar tambayoyi, aka bincika aka tarar kamfanin Netgear ne ya dasa adireshin agogonsu a cikin dubban ɗaruruwan na'urorinsa, in ba su sami amsa ba sai su sake tambaya ko wane sakan. Darasin a nan shi ne, kada kwamfuta ɗari na makaranta su fita waje ko wace da ƙoƙon bararta. Uwa ɗaya ko biyu su tambayo, sauran su sha a gida.

Ranaku biyu da za a tuna

Juyawar duniya ba ta tafiya daidai da agogon zarra, don haka tun 1972 an ƙara sakan ɗaya a UTC har sau 27. Na ƙarshe an ƙara shi a daren 31 ga Disamba 2016, wanda a nan ya zo daf da ƙarfe ɗaya na daren 1 ga Janairu 2017. In irin wannan na tafe, layin Leap status ke sanarwa. A 2022 taron awo na duniya ya yanke shawarar a bar wannan al'ada nan da 2035. Ta biyu, NTP na ƙirga sakan ne tun daga 1 ga Janairu 1900, ma'ajin ƙirgen kuwa 4,294,967,296 kaɗai ya ke ɗauka. Zai cika ya koma sifiri ran 7 ga Fabrairu 2036. Sababbin manhajoji sun san da zuwan ranar, tsofaffin na'urori ne abin dubawa. Waɗanda ke aji ɗaya yau suna bakin aiki ranar za ta same su.

Shawarata ga duk wanda aka ba mabuɗin nan ita ce ya sami ɗan littafi ya rataye kusa da uwar agogo. Ko wace Litinin da safe ya rubuta umarni biyu, na duba shaidu da na duba uwar, ya shigar da abu huɗu a littafin: wa a ke bi, reach nawa, bambanci nawa, saurin dutse nawa. Ya sake dubawa duk sa'ad da aka daɗe babu wuta, da duk sa'ad da wani ya taɓa katangar tsaro, da kuma jajiberin ko wace jarrabawa. Aikin bai fi minti biyu ba. In ya tashi barin makarantar, ya miƙa littafin ga magajinsa tare da mabuɗin, ya zaunar da shi gaban allon ya nuna masa. Allah ya sa mu riƙe amanar da aka ba mu, amin.